Fundi Milembe da Bushin Jirgin Bituro

Matar wana, Milembe, ba ta taɓa karɓar abu daga hannun mutum ta yi godiya nan take ba. Sai ta juya shi, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa da farce, sannan ta ɗago ta dubi wanda ya kawo, kamar tana jiran ya faɗi abin da ya ɓoye. Shekara talatin da ɗoriya ina ce mata Shemeji tana ce mini Shemeji, yadda dangin aure ke kiran juna a ƙasarmu, amma ko ni in na shigo na ce ana ruwa a Kirumba, sai ta kai hannu ta taɓa rigata.

'Yar manoman auduga ce daga Magu. Ta shigo Mwanza tana shekara goma sha takwas, ta sami aiki a masaƙa, aka ba ta injin saƙa huɗu tana kula da su. Kowane inji yana da wata 'yar guduma ta fatar ɓauna da ke bugun ƙoshiya tana kai da komowa. Fatar ba ta wuce sati biyar ko shida sai ta tarwatse. Wata rana aka kwance na fatar aka ɗaura wasu farare masu santsi, marasa nauyi. Sauran mata suka ɗaga kafaɗa suka ci gaba da aiki. Milembe kuwa ta ce manyan sun cinye kuɗin fata sun sayo robar wasan yara. Ta sami alli ta rubuta kwanan wata a bayan injin, tana jiran ranar da abin zai fashe ta tona musu asiri.

Wata takwas tana jira bai fashe ba. Haushi ya ishe ta, ta tafi ɗakin gyara ta sami tsohon fundin wurin, wato gwanin gyara, dattijon da ake kira Mzee Salehe, mutumin Tanga, ta tambaye shi mene ne wannan abu. Ya ce nailan ne. Ta ce kada ya raina mata hankali don ta fito daga ƙauye, nailan ai shi ne zaren komar masunta da rigar zuwa coci. Tsohon bai yi gardama ba. Ya tsinko zare daga wata tsohuwar koma, ya kankaro ɗan ɓarɓashi daga farar gudumar, ya ƙyasta ashana ya ƙona su ɗaya bayan ɗaya a gaban hancinta. Duka biyun ƙaurin gashi suka yi. Tun daga ranar, duk lokacin hutun shayi tana tsaye a bayansa tana kallon yadda yake sassaƙa a inji. Ya kore ta, ta dawo. Bayan shekara biyu aka mai da ita ɗakin gyara, ita kaɗai mace cikin maza goma sha ɗaya.

A can wana Mayunga ya gan ta. Direban babbar mota ne, mutum mai dariya da yarda da kowa, irin wanda za ka sayar wa taya mai faci ya ƙara maka da godiya. Mun yi mamakin auren, amma sun zauna lafiya har ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa aka tara ma'aikatan masaƙa aka ce su tafi hutun sati uku, za a yi gyara. Suka dawo suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Milembe ba ta yi kuka ba. Ta ce ita tun da ta ga manaja yana murmushi ta san ba hutu ba ne. Da aka zo gwanjon injuna a matsayin tsohon ƙarfe, ta sayi injin sassaƙar da Mzee Salehe ya koya mata a kai. Ta riga ta haddace lambar da ke jikinsa, don kada a musanya mata da wani a hanya.

Ta kafa shi a unguwar Igogo, a gindin duwatsu, bango ɗaya da garejina. Ni bakaniken injin jirgin ruwa ne, don garinmu a bakin babban tafki yake. Da farko ƙarfe da tagulla take yi kamar kowa, amma a hankali farin abin nan ya cinye shagon. Masu injin niƙa suka gane in ta yanka musu giya mai haƙora ta nailan, injin yana daina kururuwa, kuma in dutse ya faɗa cikin masara, haƙoran nailan ne ke karyewa, giyar ƙarfe mai tsada ta tsira. Kamfanonin yankan kifi suka riƙa aiko da odar 'yan tayoyin da bel ke gudu a kai, don ba sa tsatsa, ba sa kuma buƙatar giris da zai ɗiga kan kifi. Direbobi suna kawo mata bushin sifirin mota, wato zoben da ƙusar sifirin ke juyawa a ciki. Masu gidan burodi, masu injin niƙa nama, masu famfon rijiya, duk suna zuwa. Ɓarɓashin da ke fita daga injinta dogo ne fari kamar taliya, kajin unguwa suna rugowa su tsattsaga su tafi da takaici.

Sandunan nailan ɗin a wurin wani ɗan kasuwa mai suna Kweka take saye. Duk sandar da ya kawo sai ta yanki bakinta ta jefa a bokitin ruwa. In ya nutse, ya tsallake mataki ɗaya. In ya taso, to robar bokiti ce aka yi wa kwalliya. Sannan ta ƙona gefe, ta shaƙa: ƙaurin gashi take nema, in ta ji ƙamshin kyandir sai ta mayar masa da kayansa. Sau ɗaya tak, cikin shekaru masu yawa, yanki ya taso a bokitin, kuma Kweka ya rantse shi ma cutarsa aka yi daga birnin Dar. Ba ta taɓa mantawa ba.

Akwai kuma tukunya. Ƙananan giyoyi, in ta gama yankawa, sai ta zuba su a tukunya ta dafa a murhun gawayi awa ɗaya ko biyu. Mzee Salehe ne ya koya mata cewa busasshen nailan yana da saurin tsagewa, in ya ɗan sha ruwa sai ya yi jimiri. Amma wanda ya wuce ya ga bazawara mai jajayen idanu saboda hayaƙi tana juya fararen abubuwa masu kama da ƙashi a tukunya, ba maganar Mzee Salehe zai tuna ba. A ƙasarmu zargin maita ba abin wasa ba ne. Na sha gaya mata ta shigar da murhun ciki. Ta ce in ta ɓoye ne za su tabbatar.

Shekarar da abin ya faru, wani dattijo daga tsibirin Ukerewe mai suna Mzee Bituro ya zo shagon da sandarsa. Yana da jirgin katako babba mai inji a ciki, yana jigilar mutane da kaya tsakanin tsibirai da tashar Kirumba. Damuwarsa bushin da sandar farfela ke juyawa a ciki, can ƙarƙashin ruwa. Wani fundi mai suna Shilinde ne ke zuba masa na tagulla, yashin tafki yana cinye shi, duk bayan 'yan watanni jirgin ya kama rawa. Ya ji labarin bushin Milembe a bakin direbobi.

Ta fara yi masa tambayoyi. Ba ruwan ne ya dame ta ba. Abin da take son sani shi ne me ya haɗa shi da Shilinde har ya baro shi.

"Mama, ni bushi na zo saye, ba shari'a ba," in ji shi.

"Wanda ya bar fundinsa ba dalili, Mzee, ni ma zai bar ni da dalili."

Ya yi dariya ya ce da ma an gaya masa. Ta karɓi aikin. Ta zaɓi sanda mai kauri, ta gwada ta a bokiti da wuta, ta yini biyu tana sassaƙa. Tsakanin bushin da sandar farfela ta bar rata kamar kaurin takarda biyu, yadda take barin na mota. Ta gasa ƙusa a wuta ta yi ɗigo uku a bakinsa, alamar aikinta. Ta rubuta awon da alli a bango. Da aka jawo jirgin kan gaɓa, ni na buga bushin cikin bututunsa, tana tsaye a kaina da ma'auninta a hannu tun daga fari har ƙarshe.

Jirgin ya koma ruwa ya yi shiru kamar ba shi ba. Mzee Bituro ya riƙa yabonta a tashar jirage, har ya aiko mata da kan ayaba guda. Ta raba wa maƙwabta, ta ce yabon da ya zo da wuri ba ya kwana.

A sati na bakwai, da tsakar rana, jirgin na tahowa daga tsibirin Kome da mutum arba'in da wani abu da buhunan dagaa, busassun ƙananan kifi, inji ya fara nishi. Baƙin hayaƙi ya tashi, sandar farfela ta cije, ƙusoshin da suka haɗa ta da inji suka tsinke. Iska ta kama tura jirgin wajen duwatsu, ga hadari ya haɗo. Wasu masunta ne suka hango, suka jefa igiya suka ja su zuwa gaɓa kafin la'asar. Ba wanda ya mutu. Wata mata ta karye a hannu lokacin da mutane suka ruɗe suka taru a gefe ɗaya, ruwan sama kuma ya jiƙa dagaa buhu talatin, ya ruɓe.

Kafin labarin ya iso Igogo ya riga ya yi rassa. Wasu suka ce mai wani jirgi da ke takara da Bituro ne ya saye ta. Wasu suka ce roba ai roba ce, wa ya aiki dattijo. Masu tunawa da tukunya kuwa ba su ɗaga murya ba, sai dai mata biyu da ke sayen shayi a kusa da shagon suka sauya hanya. Washegari Mzee Bituro ya zo, bai zauna ba. Ya ce ta gaya masa wa ya aiko ta. Ta ce shi ya fara gaya mata wa ya taɓa jirgin bayan an mayar da shi ruwa. Suka tsaya suna kallon juna, kowa ya tabbata ɗayan ya san wani abu.

Kweka ne Milembe ta fara zargi. Ta ɗauki guntun sandar da ya rage ta tafi shagonsa da rana tsaka, ta ajiye a kan kantar shagon a gaban masu sayayya.

"Wannan daga ina ka samo shi?"

"Dada, 'yar'uwata, daga inda nake samo na kullum. Ba ke kika jefa shi a ruwa ba? Ba ke kika ƙona ba? Saura ki ɗanɗana."

"Masu yin jabu ma suna da bokiti."

Kweka ya ce in ta gano jabu ne, ta zo ta ƙona shagon da ashanarta, shi zai riƙe mata kwalin. Ta kwashi guntunta ta fita.

Sai Shilinde. Wani ya ce ya gan shi a Kirumba kwana biyu kafin jirgin ya tashi. Kowane fundi a garin nan yana zuwa Kirumba, amma ita ta riƙe wannan. Ta ce yashi ya ɗura a bututun. Ba ta je ta same shi ba, sai dai duk wanda ya zo daga unguwarsa sai ta yi masa tambayoyi har ya manta abin da ya kawo shi.

Ranar da aka sake jawo jirgin kan gaɓa, ta iso kafin kowa. Bushin ya manne wa sandar kamar an yi walda, sai da na sa zarto na tsaga shi gida biyu. Cikinsa ya yi ƙyalli, ya koma ruwan ƙasa, alamar ya yi zafi har ya fara narkewa. Babu yashi ko ƙwaya. Ta kama ɓari ɗaya ta auna kaurinsa a gefen da bai ƙone ba, ta sake aunawa, ta juya ta auna ɗaya ɓarin. Ya fi abin da ta rubuta a bango kauri. Bambancin bai kai kaurin farce ba, amma ya isa ya cinye ratar da ta bari.

Ta ce wannan ba nata ba ne, an musanya. Na nuna mata ɗigo ukun. Ta ce ɗigo uku ai duk wanda ya taɓa ganin tana yi zai iya yi. Tana faɗar haka tana kallona.

Na yi tsammanin wasa take. Na ce, "Shemeji, ni?"

"Kai ka buga shi. Bayan na tafi kai ka ɗaure farfela. Ban ce kai ba ne. Na ce kai kaɗai ka rage da shi."

Na tattara kayan aikina na bar mata gaɓar. Ni na wanke gawar mijinta, ni na ɗauko mata injin nan a kan motar aro. Muka yi sati shida bango ɗaya tsakaninmu ba ko gaisuwa. In wani ya zo nemana ya leƙa shagonta, sai ta nuna garejin da haɓa. Matata ta yi ta kai da komowa, ta gaji ta bari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wani lokaci in na zauna sai in kama kaina ina tunani: anya na daidaita sandar nan sosai? Zargi haka yake, in ya daɗe a kanka sai ka fara taya shi.

Ita kuwa ba ta zauna ba. Ta zargi ma'auninta, ta aro na wani fundi a kamfanin kifi, awo ya fito iri ɗaya. Sai ta koma kan Kweka, ta ƙudura za ta kama shi da hujjar da ba zai musa ba. A ganinta sandar tasa gauraye ce, shi ya sa ta lalace a ruwa. Tana da wani tsohon guntun nailan tun na masaƙa, wanda Mzee Salehe ya ba ta da hannunsa, shi kaɗai ne abin da ta yarda da shi a duniya ba gwaji. Ta yanka zobba sirara daga guntun Kweka, ta yanka irinsu daga na Mzee Salehe. Daga kowane iri ta ajiye ɗaya a busasshe, ta jefa ɗaya a kwalbar ruwan tafki, ta matsa ɗaya cikin guntun bututun ƙarfe ta jefa shi ma a ruwan. Ta sa duka a akwatin ƙarfe ta rufe da kwaɗo biyu. Duk Litinin da safe sai ta buɗe ta auna, ta rubuta a cikin murfin akwatin inda ba mai gani.

Aiki ya ja baya a lokacin. Kamfanin kifi ɗaya ya daina aiko mota. Injinta, da ba ya hutawa sai Lahadi, ya koma yin awa biyu ya yi shiru. Ina jin shirun ta bango.

Litinin ta shida ina kwance ƙarƙashin wani inji sai na ga ƙafafunta a bakin garejin.

"Shemeji, zo ka auna mini wani abu."

Na so in ce ta nemi wanda ta yarda da shi, sai na tuna babu shi. Na goge hannu na bi ta. Ta jera zobban shida a kan benci, ta miƙo mini ma'auni. Busassun biyu suna nan yadda ta yanka su. Na cikin kwalba sun ƙara faɗi. Waɗanda ke cikin bututu kuwa, da yake ƙarfe ya hana su faɗaɗa ta waje, sai suka kumbura ta ciki, ramin ya tsuke. Na Kweka da na Mzee Salehe duk ɗaya, ba wanda ya fi wani.

Na ce mata sun kumbura. Ta ce ta sani, so take ta ji a bakin wani.

Ta zauna a kan akwatin. Ta ce shekara ashirin tana dafa abin nan, ta san yana shan ruwa, amma awa biyu a tukunya fatarsa kawai ke jiƙa, haƙoran giya kuma suna da wurin motsi, shi ya sa ba ta taɓa gani ba. Sati bakwai a cikin tafki daban ne. Ya sha, ya kumbura, ya fara matse sandar. Matsewa ta kawo zafi, zafi ya ƙara kumbura shi, har ya cije. Ta yi bayanin nan a hankali, kamar mai karanta wa kanta hukunci. Fuskarta ta fi muni a kan ranar da jirgin ya tsaya. Na tabbata da ɓarawo ta kama da ta fi samun sauƙi.

"Ba wanda ya cuce ni," in ji ta. "Ratar mota na bar wa jirgi."

Na ce to, tunda haka ne, akwai wanda ke jiran a ba shi haƙuri.

"Ban ce kai mutumin kirki ba ne. Na ce wannan karon ba kai ba ne."

Da rana ta aiko gidana da kifin sato biyu manya, soyayyu, da ugali, tuwon masara, a kwano mai murfi. Matata ta ce in ci, wannan shi ne iyakar abin da zan samu.

Washegari ta naɗe kwalbar da zobban a zane ta ce in raka ta Kirumba. Na ce ta kira Mzee Bituro gefe su yi magana su biyu. Ta ce a gaban mutane aka zarge ta, a gaban mutane za ta faɗa. Muka same shi zaune a kan buhu ana yi wa jirginsa lodi, Shilinde ya riga ya mayar masa da na tagulla. Ta shimfiɗa zanen a ƙasa, ta jera zobban, ta yi bayani tun daga farko, masu dako da mata masu kifi suka kewaye mu. Ta ce laifin nata ne ita kaɗai. Ta ce ta nemi matar da ta karye ta je har gidanta. Ta ce duk wani aikin jirginsa da ba ya cikin ruwa, ya kawo ta yi masa.

Mzee Bituro ya saurara har ƙarshe yana juya zobe ɗaya a yatsa. Sannan ya ɗago.

"Mama, na kai shekara saba'in ban taɓa ganin fundi ya taka da ƙafarsa ya zo ya ce shi ya yi kuskure ba. Wa kike rufa wa asiri?"

Bai jira amsa ba. Ya juyo ya zuba mini ido, mutanen da ke wurin su ma suka juyo. Milembe ta sake ɗaukar ma'auni tana nuna masa, ya ce ya gani, ya kuma ga surukuta, dangi ai ba sa tona wa juna. Daga ranar Mzee Bituro bai ƙara ba ni aiki ba, haka abokansa biyu masu jirage. Har yau akwai tsofaffi a Kirumba da in an ambaci sunana sai su ce, ai shi ne wanda matar wansa ta ɗauke wa laifi. A hanyar komawa ta ce mini tsohon nan yana da mugun zato. Na dube ta.

Bayan kwana uku Shilinde ya zo shagon. Ta miƙe tsaye tana jiran gori. Sai ya ce zobban ya zo gani. Ya auna da nasa ma'aunin, ya yi tambayoyi, ya ce shi ma an sha roƙonsa ya gwada farin abin nan a jirgi, tsoro ne ya hana shi, ba sani ba. Daga baya ya riƙa turo mata masu aikin tudu, ita kuma tana tura masa masu aikin ruwa, kowannensu yana bincika aikin ɗayan in ya samu dama. Kweka kuwa ba ta taɓa ba shi haƙuri ba. Ta je ta sayi sanda mita biyu, mafi tsada a shagon, shi ma bai tayar da maganar ba.

Abin bai bar ranta ba duk da haka. Ta yanka wani bushin da ɗan saura, ta ɗaure shi da igiya ta nutsar a tafki ƙarƙashin wani dutse a bayan Igogo, wata uku, tana zuwa duba igiyar kada a sace. Da ya ƙoshi da ruwa ta ciro ta gama sassaƙa shi, ta bar rata mai yalwa, ta tsaga masa hanyoyi a ciki don ruwa ya riƙa ratsawa yana sanyaya shi. Muka sa a wani ƙaramin jirgin ɗaukar yashi na abokina, wanda ba ya nisa da gaɓa. Shekara huɗu yana aiki. Masu jirage suka ji, wasu suka dawo suna roƙo. Ta yi wa masu yashi da masu itace, amma duk jirgin da ke ɗaukar mutane ta ce a kai wa Shilinde. Kamfanin kifin ma ya dawo da kansa, bayan tayoyin ƙarfen da suka koma sa wa bel sun yi tsatsa a wata huɗu.

Mzee Bituro ya rasu shekara tara bayan haka, bai sauya ra'ayi ba. Da labari ya zo, Milembe ta ce za ta je jana'iza. Na yi mamaki, don duk zamanta a Mwanza ba ta taɓa taka jirgin ruwa ba, ta ce ta san waɗanda ke gyara su. Muka shiga na safe zuwa Ukerewe. Ta ƙi zama a benci. Ta ratsa mutane da kaji da buhuna ta je can baya, ta zauna a kan katakon da sandar farfela ke juyawa a ƙarƙashinsa, ta cire takalmi ta dafa tafin ƙafarta a kai. Awa uku da wani abu ba ta ci komai ba, ba ta dubi ruwa ba. Wata mata ta miƙa mata gyaɗa, ta girgiza kai.

A gidan makoki babban ɗan marigayin ya gane ta, ya sa aka kawo mata kujera kusa da matan gidan. Ni aka bar ni a tsaye a bakin danga tare da masu dako. Muka kwana biyu, muka dawo a jirgin da ya kai mu. Da muka sauka a Kirumba ta sa takalminta, ta kira direban jirgin gefe ta ce masa boris ɗin tsakiya, wanda sandar farfela ke juyawa a kai, ya fara ci, ya duba kafin ƙarshen wata. Ya tambaye ni wace ce wannan. Na gaya masa. Ya ce zai duba, ban san ko ya duba ba. Muka hau mota zuwa Igogo, ta buɗe shago, akwai mai injin niƙa daga Misungwi da ke jiranta tun safe da karyayyar giya a cikin buhu.